Hutunmu a tsibirin Farasan, da yadda aka shawo kan Goggo ta yarda da tausa

Tun da aka buɗe sababbin otal ɗin nan na tsibiran Bahar Maliya ta wajen Umluj da Wajh, matan guruf ɗinmu na WhatsApp basu da aiki sai turo bidiyo, yau Shebara mai ɗakunan nan masu ƙyalli a kan ruwa, gobe St. Regis na tsibirin Ummahat, kiga mace kwance ana tsiyaya mata mai a gadon baya ga teku shuɗi shar a gabanta. Kyau kam akwai shi ba ƙarya. Amma ranar da ƙanwata ta duba kuɗin kwana sai da ta aje wayar tayi salati, dubban riyal, kwana ɗaya tal fa, mu da muke zaman Jidda muna fama da lissafin kuɗin haya da na sabunta iƙama, wato katin zama, da na makarantar yara ina mu ina wannan. Maigida ne yace ai tsibiri ba can kaɗai yake ba, ku tafi Farasan mana can kudu wajen Jizan, jirgin ruwan ma kyauta ne, shi zai riƙe yara. Ban bari ya sake tunani ba wallahi, a daren na fara haɗa jaka.

Mu huɗu ne, ni da ƙanwata da ɗan yayarmu wanda zasu riƙa karɓa-karɓar tuƙi da ita, sai Goggo, ƙanwar babanmu. Goggo ita ce ainihin dalilin tafiyar in dai gaskiya za'a faɗa. Tun kafin a haife ni take tuƙa tuwo a Makka, miyar kuka, miyar kuɓewa, danwake, kunun gyaɗa, duk alhajin da ya kwana biyu yana cin shinkafar larabawa har ta gundure shi yasan hanyar wajen su Goggo ta Shara Mansur. Daga azumi zuwa bayan Arfa bata zama, yanzu gwiwa ta fara gardama, baya ma haka, sallah a kan kujera take yi. Da nace mata Goggo ki shirya zamu kai ki hutu sai ta kalle ni sheƙeƙe tace "ke 'yar nan hutu ai sai kabari, wai in je in zauna ina kallon ruwa, ruwan me zai min?" Sai da muka haɗa ta da 'yarta dake aure a Jizan tace Umma ai kya zo kiga jikokinki, sannan ta ɗauko mayafi.

Cikin sanyi muka tafi, kuma duk mai niyya to ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin Jizan da gumin da ke haɗe dashi ko mu 'yan Jidda sara masa muke. Hanyar wajen kilomita 700 ce ta gaɓar teku, Lith, Ƙunfuza, Birk inda duwatsun suka koma baƙi ƙirin saboda tsohon aman wuta, Shuƙaiƙ, Baish, Sabya sannan Jizan. Akwai jirgin sama daga Jidda amma muna son mota a hannunmu a tsibirin. Ba wani abin labari a hanyar banda kifin da muka ci a Ƙunfuza da kuma kyamarorin Sahir masu kama gudun mota da Goggo ke ta tuna wa direbobin namu duk da ita ko sitiyari bata taɓa riƙewa ba.

A Jizan muka kwana gidan 'yar Goggo, da safe ta yi mana marsa, gurasa ce ake dagargazawa da ayaba a zuba man shanu da zuma, in kika ci cokali biyar sai la'asar. Garin ko ina ƙamshin furen full, ana sayar dashi a sarƙe a bakin titi, mata su sa a kai maza ma su rataya ba kunya, ɗan yayarmu da farko yana dariya daga baya sai gashi da nashi a wuya yana ɗaukar hoto.

Maganar jirgi. Abbara suke ce masa, babba ne yana ɗaukar mutane da motoci kuma da gaske ba'a biyan ko halala, gwamnati ce ta ɗauki nauyi, sau biyu yake tashi a rana safe da yamma. Amma kyautar bata nufin ki taso kawai, sai kin yi bukin tun da wuri musamman in da mota, lokacin hutun makaranta wuri cika yake, kuma kowa da iƙamarsa ko katinsa a hannu don ana dubawa ana caje kaya, ki isa tasha da wuri sosai. Wanda ya rasa wuri sai ya bi ƙananan jiragen nan fuluka, su kuma da kuɗi kuma babu maganar mota. Ciki akwai ɓangaren iyali daban, esi kuwa an ƙure shi har sai da na lulluɓe da sallaya. Tafiyar awa ɗaya ce da ɗan wani abu.

A cikin jirgin ne Goggo ta bamu mamaki. Tana zaune jikin taga tayi shiru, can sai tace wannan ruwan dai shi ne suka ƙetare tana goye. Mun san labarin sama-sama amma bata taɓa zama ta warware mana shi haka ba, yadda kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da iyalinsa da niyyar hajji ta ƙasa, ta Barno ta Chadi, suka shiga Sudan guziri ya ƙare, suka zauna noman auduga a Jazira shekara da shekaru ana tara na gaba, a can aka haife ta, sannan suka gangara Sawakin suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tace wasu da aka taso tare basu ƙetare ba har yau jikokinsu na can Mai Wurno da Gadarif da Kassala. Ƙanwata ta kunna rikoda a ɓoye, Allah ya saka mata.

To bari in faɗi gaskiyar Farasan tun yanzu kar wata ta je tace na yaudare ta. Ba irin tsibirin bidiyo bane mai bishiyar kwakwa ta sunkuyo kan ruwa da ma'aikaci tsaye da tawul yana jiranki. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya busasshiya, dutsen murjani ne da ƙayoyi, garin ƙarami, masauki kuma ƙananan otal ne da gidajen haya masu kayan ɗaki da 'yan shale, wato ƙananan gidajen hutu, a bakin ruwa. Mu gida muka kama mai ɗaki biyu da kicin, tsaf dashi amma ruwan famfon da ɗan gishiri-gishiri, na sha sai na roba. Wajen tausa irin na manyan otal kuwa ni ban ganshi ba a tsibirin. Abinda Farasan ke dashi ruwa ne, da shiru, kuma wallahi ruwan ya isa.

Bakin ruwan Ras al-Ƙarn muka fi zama. Yashi fari, ruwan garai-garai kina tafiya a ciki har nesa bai wuce gwiwa ba kina ganin yatsun ƙafarki da ƙananan kifi suna zagaye su, launinsa daga kore-kore ya koma shuɗi can gaba. Da safe kusan ba kowa, sai wata mota can nesa da iyalinsu, kowa ya ba kowa fili, don haka muka shiga ruwa da dogayen rigunanmu hankali kwance ba mai kallon wani. Mun zo da tabarma da fulas ɗin shayi da laima, ɗan yayarmu ya kafa mana ita ya tafi can da ƙugiyarsa wai zai kama mana abincin rana, har muka baro tsibirin bamu ga ko ƙaya ba.

Goggo da farko ƙin sauka tayi daga kujerar roba, tana jan carbi tana mita wai an baro aiki an zo ana wasan yara. Da hantsi ya ɗaga yashin yayi ɗumi sai naga ta zare takalmi ta cusa ƙafa a ciki, jim kaɗan tace "kai ɗan nan zo ka tona min nan." Ya tona mata rami dogo ta miƙe ƙafafu a ciki muka rufe su da yashi har saman gwiwa, ƙanwata ta naɗe mata abaya tayi matashi, muka gyara laimar ta rufe mata fuska. Ko minti goma ba'a yi ba carbin ya sulale daga hannunta. Matar da tun da nake ban taɓa ganin tayi baccin rana ba, ko ranar sallah, gata nan baki a ɗan buɗe tana minshari a hankali kaguwa 'yar mitsitsiya na wucewa ta gefen hannunta. Muka yi ta yi wa juna alama kar wanda ya yi motsi. Sai kiran azahar ne ya tashe ta, ta farka tana cewa ai ba bacci take ba idonta kawai ta rufe.

Rana guda muka ɗauki mai kwale-kwalen inji ya zaga damu. Ku yi ciniki tun a ƙasa ku kuma tabbatar akwai rigar ruwa ta kowa, sunaye ma sai an kai wa masu tsaron gaɓa kafin a fita. Ya kai mu dajin Ƙandal, bishiyoyi ne da suke tsiro a cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje, kwale-kwalen yana bi ta wasu 'yan lunguna ganye ta ko ina har yana shafar kanmu, ya kashe inji sai kukan tsuntsaye kawai, ga kwasakwasa suna zaune abinsu ko gezau. A hanyar dawowa kifayen dolfin suka biyo mu suna tsalle, ƙanwata ihu Goggo salati. Ya sauke mu a wani ɗan tsibiri da babu kowa ya hura gawayi ya gasa mana kifin da ya kama da asuba, gishiri da lemon tsami da ɗan barkono kawai, muka ci da hannu da gurasa muka wanke hannu a teku. Shi yake bamu labarin harid, wani kifi mai launi da ke shigowa gaɓar Hasis tuli guda sau ɗaya a shekara wajen watan Afrilu, a tare shi a ruwa mara zurfi gari ya fito yara da manya a ruga a yi ta kamu, biki ne sosai, yace tsofaffinsu tun kafin ya iso suke jin ƙamshin zuwansa a iska. Mu dai bamu zo a lokacinsa ba.

Wuraren tarihi mun leƙa amma a gurguje don ba su suka kawo mu ba. Ƙauyen Ƙassar mai gidajen dutse da rijiyoyi da dabino, sai gidan Rifa'i wani attajirin lu'ulu'u da aka gina a farkon shekarun 1920, bangon duk zane ne na farar ƙasa da gilasai masu launi, da masallacin Najdi na shekarar 1347 hijira wanda shi ma ɗan kasuwar lu'ulu'u ne ya gina. Da arzikin tsibirin kenan, maza su nutse ƙasan teku da numfashi ɗaya su ɗebo kawa, har Japan ta fara noman lu'ulu'u kasuwar ta mutu. A tsibirin Ƙumma akwai wani gini da Jamusawa suka yi a 1901 don ajiye gawayin jiragen ruwa, daga nesa muka hango shi. Barewar Farasan kuwa sai da muka fita da sassafe muka ga guda biyu sun tsallaka titi, an hana farautarsu, wurin gandu ne mai kariya kuma UNESCO ta sa shi a jerinta na gandayen halittu a 2021.

Da muka dawo Jizan ni da ƙanwata muka ce to yanzu saura gyaran jiki, tunda an fasa Shebara ai ba'a fasa tausa ba. Muka kama ɗaki a wani otal mai wajen tausa na mata zalla, ba zan faɗi sunansa ba. Hammam magribi muka fara. Ɗaki ne na tayil cike da tururi, ki zauna har gumi ya karyo, sai ta shafe ki da baƙin sabulun nan na zaitun mai santsi ta barki dashi kamar minti goma, ta ɗauraye, sannan ta sa wata safar hannu mai kaushi ta fara dirza. Jama'a! Ni da nake wanka safe da yamma sai ga datti na mulmulowa daga hannuna kamar taliyar murji, har tana nuna min tana murmushi ni kuwa kunya kamar in nutse. Bayan nan aka shafa yumɓun gasul aka wanke, aka shafa man argan. Daga nan sai gadon tausa, wata 'yar Filifin ce hannunta ƙanana amma da ƙarfin tsiya, ta samu wani ƙulli a ƙasan kafaɗata ta dama inda nake riƙe waya da wuya in ina girki, ta danna da gwiwar hannu sai da nace wayyo, tace in ja numfashi, ta jera min duwatsu masu ɗumi a gadon baya. Daɗi kam naji. Abinda ya ɓata min rai awa ɗaya muka biya amma da cika fom da canza kaya da jiran ɗaki duk a cikin awar aka lissafa, ana gamawa kuma tun ban dawo hayyacina ba wata ta shigo da tire na mayuka tana min talla. Kuɗin mu biyun ya kusa na gidan da muka kama a Farasan gaba ɗaya.

Goggo ko ƙofar wajen bata taka ba. "Ni in tuɓe a gaban wata baƙuwa tana latsa ni? Allah ya kiyaye, ku dai da kuka ga zaku iya." Muka ƙyale ta.

Ashe 'yarta ta riga ta shirya mata. Akwai wata maƙwabciyarta mai gyaran amare, 'yar Sudan, washegari da hantsi sai gata da ƙullin kayanta da kasko, tayi sallama da larabci muka amsa, tana ganin Goggo sai ta durƙusa har ƙasa tace "Inna ina kwana, ya gajiyar hanya?" da hausa tas. Bahaushiyar Gadarif ce. Goggo ta miƙe zaune tace ke 'yar wace ce, daga ina iyayenki suka taso, nan fa aka shiga jero garuruwa da unguwanni, shayi ya huce ba wanda ya kula. Cikin hirar ne ta kama ƙafar Goggo ta ɗora a cinyarta tana dubawa tace Inna wannan ƙafar ta sha tsayuwa, bari in ɗan taɓa miki. Goggo bata ce eh ba bata ce a'a ba, ƙafar dai bata janye ba.

Dilkarta ita take haɗa abarta ba ta kanti bace. Tace garin dawa ake kwaɓawa a shafe cikin tukunya a kifa ta kan hayaƙin itacen talha, a yi ta ƙarawa ana turarawa kwana da kwanaki har ya dahu yayi duhu, sannan a haɗa da mahalab da kanumfari da sandal da farce da turaruka a mulmula. Ta gutsuro kaɗan ta jiƙa da ruwa da mai a 'yar tasa ta fara daga tafin ƙafa, ba sauri, tana murzawa tana hawa sama har gwiwa, dilkar tana bushewa tana zubowa gari-gari a kan zanin da aka shimfiɗa, ta sake ɗebowa. A gwiwar ta daɗe, bata danna ƙashin ba, gefe da gefe take bi da babban yatsa tana tambaya nan ne Inna? nan fa? Goggo tana cewa ƙasa kaɗan, yauwa nan. Da aka zo baya ita da kanta ta juya ta kwanta rub da ciki tace mu fita mu basu wuri, muka koma falo muna jiyo su ta ƙofa ana labarin auduga da kisra da yadda ake auren da, can muka daina jin muryar Goggo sai ta matar ita kaɗai, can ita ma tayi shiru.

Dukhan kuwa bata yi wa Goggo ba, sai da ta tambaya ko akwai hawan jini ko asma, da aka ce akwai hawan jini tace to a bar shi, zafi da hayaƙin basa haɗuwa dashi, mai ciki ma bata yi mata. Ni ce na zauna. Kujera ce mai huda a tsakiya, kasko a ƙasa da garwashi kaɗan da guntayen talha, ta shafe ni da mai ta lulluɓe ni da bargo mai nauyi daga wuya har ƙasa kaina kawai a waje, wanda ya saba da turaren tsuguno zai ce ai ya sani, to wannan ya wuce nan, gumi nake tun daga tsakar kai, tana bani ruwa da kofi a baki tana cewa ki daure 'yar uwa saura kaɗan. Da na fito ƙafafuna har rawa suke, na kwanta a tabarma ban san inda kaina yake ba sai magariba. Ƙamshin kuwa ya kama fata ya kama kaya har cikin mota. Abinda ta karɓa a kanmu duka bai kai na mutum ɗaya a otal ba, Goggo ta ƙara mata da turmin atamfa da ta taho da shi don jikarta, aka yi ta rantse-rantse kafin ta karɓa.

In kin tambaye ni, wadda ke da kuɗin Ummahat taje abinta Allah ya ƙara buɗi, amma in irinmu ce to ki raba abin biyu, ruwa da bacci a Farasan, gyaran jiki a Jizan, kuma ki fara tambayar matan unguwa wa ke dilka kafin ki kai kuɗinki risefshan. Ki taho da takalmin roba saboda dutsen murjani yana yanka ƙafa, da maganin sauro, da tsabar kuɗi a hannu don masu kwale-kwale, kuma bukin ɗin dawowa ki yi shi tare da na tafiya. Gwiwar Goggo dai bata warke ba, har yanzu a kujera take sallah kuma asibitinta na nan, amma ta sa 'yarta ta ajiye mata lambar matar tace bayan aikin hajji in an sallami alhazai a sake kawo ta, wannan karon ma har da ƙawarta da suke tuwo tare.

Muna wuce Lith a hanyar gida saƙo ya shigo wayar ƙanwata, Sahir ya kama mu riyal 150, ita tace lokacin ɗan yayarmu ke tuƙi shi yace ƙarya ne tun Ƙunfuza ya bata, aka ce Goggo ta raba gardama tunda ita ce a gaba tace ita bacci take. Har yau ba'a biya ba.